Ku Mayar da Takalmanku Ƙafa

Ranar da Tabish ya fara ganin Nimra, takalmi ne a hannunsa, kuma hancin wani bawan Allah ya nufa da shi.

Wata Laraba ce da la'asar, zafin birnin Multan ya kai inda ko ƙuda ba ya son tashi. Wani mai tura kurar mangwaro ya yanke jiki ya faɗi daidai ƙofar shagonsu na khussa, wato takalman fata na gargajiya, jikinsa ya hau fizge-fizge. Kafin ka ce kwabo jama'a sun yi masa zobe. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san abin da ake yi wa mai farfaɗiya: a kara masa tsohon takalmin fata a hanci, wai warin ne ke dawo da shi hayyacinsa. Tabish bai tsaya wani tunani ba, ya zare na ƙafarsa ya durƙusa.

"Mayar da takalminka ƙafa, ɗan'uwa!"

Bai gama waiwayowa ba aka doke masa hannu. Takalmin ya yi tsalle ya faɗa kwata, ruwa ya yi gaba da shi.

Wata siririyar yarinya ce mai tabarau. Ta tura jakar littattafanta ƙarƙashin kan mutumin, ta dubi Tabish kamar ta daɗe tana aikensa.

"Kama kafaɗarsa, juya shi gefe ɗaya. A hankali, ba buhun shinkafa ba ne."

Wani dattijo ya miƙo cokali a cusa masa a baki, ta tare shi. "Baba, ba a sa masa komai. Ku dai matsa ya sha iska."

Ta tsura wa agogonta ido. Minti biyu da rabi jikin ya lafa, mutumin ya buɗe ido yana kalle-kalle. Ta yi masa magana a tausashe, ta rubuta masa inda zai je ya ga likitan ƙwaƙwalwa.

Tabish yana tsaye da ƙafa ɗaya a ƙasa mai zafi. "Ke likita ce?"

"Malamar lissafi ce."

"To a ina kika san duk wannan?"

Ta ɗauki jakarta ta kaɗe ƙura. "Na sha farkawa da warin takalmin wani a hancina. Ba ya maganin komai. Mutum dai ya farka ya tarar an wulaƙanta shi."

Kunya ta rufe shi. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Haka muke yi wa Khala Nasrin a gida. Ƙanwar Ammi ce, mahaifiyata."

"Tun yaushe?"

"Tun ba a haife ni ba."

Ta dube shi, sannan ta wuce. Ranar nan ɗan mai takalma ya koma gida da ƙafa ɗaya ba takalmi, 'yan kasuwa suna yi masa dariya, shi kuwa ko a jikinsa.

Bayan kwana uku ta dawo da takarda cike da rubutun hannu: yadda za a juya Khala, abin da ba za a yi ba, da lambar waya a ƙasa, idan faɗuwar ta wuce minti biyar. Tabish ya kai wa Ammi takardar. Ammi Shamim ta duba sama-sama, ta ce an gwada likita tun suna ƙauye, maganinsa barci kawai yake sa Nasrin, sannan ta danne takardar da gwangwanin shayi. Lambar kuwa tuni ya haddace ta.

Ya rubuta ya goge ya fi sau goma kafin ya tura:

"Assalamu alaikum Likita. Mai Takalmi ne. Khala lafiyarta ƙalau. Ni ne dai ba lafiya, tun ranar Laraba zuciyata ke fizge-fizge, ya wuce minti biyar da nisa."

Amsa ta zo nan take: "Don gaggawa na ba da lambar nan. Kuma ba a wasa da wannan ciwon."

Gumi ya keto masa. Yana cikin haɗa kalmomin ban haƙuri wani saƙon ya shigo:

"Amma na yafe, tunda jahilci ne. Ka samo takalminka?"

Daga nan zance ya ƙullu. Ita ta bar masa Mai Takalmi, shi ya bar mata Likita. Ya san ƙarfe bakwai na safe da bakwai na yamma take shan maganinta, har ya sa ƙararrawa a wayarsa.

"Likitata, bakwai ta yi."

"Na sha tun ɗazu. Shekara tara ina sha babu kai, Mai Takalmi."

"To bari in samu ladan sauran shekarun."

"Bakinka ya fi allurarka kaifi."

Sai dai a gidan su Tabish akwai wata mai farfaɗiyar da ta fi kowa daraja, kuma a cikin talabijin take. Duk Talata ƙarfe takwas ake nuna wasan Zaren da Ya Tsinke, kuma duk Talata Ammi takan gama girki da wuri, maƙwabta su cika falo, a yi ta addu'ar kada a ɗauke wuta. Labarin wata amarya ce, Zubia, da aka ɓoye ciwonta har aka kai ta ɗakin miji. Idan za ta faɗi sai an yi tsawa, kiɗa ya tashi, a nuno fuskar uwar mijin sau uku. A kawo takalmi, ta farka kwallinta bai ko gurɓace ba. Ammi ta yi ta sharar hawaye tana tsine wa uwar mijin.

Khala Nasrin kuwa a matakala ta huɗu take zama, inda take hango talabijin baƙi ba sa hango ta. Shekararta arba'in da biyar, ba ta taɓa aure ba, rabonta da ƙofar gida har an manta. A hannunta na dama akwai tabon wuta.

Nimra ma tana kallon wasan, amma don ta ji haushi. Kowane kashi aka ɗora a intanet sai ta rubuta gyara a ƙasa. Wasu su gode mata, wasu su ce ta bar mutane su yi kukansu cikin kwanciyar hankali.

Da wata shida ya cika, Tabish ya faɗa wa Ammi ya ga yarinya. Malamar makaranta, 'yar mutunci. Ammi ta yi murna, ta sa ranar zuwa ganinta. Abu ɗaya ne bai faɗa ba, kuma ana gobe za su je tsoro ya ci ƙarfinsa ya tura wannan:

"Sanyin idona, ina roƙon alfarma. Gobe kada ki tayar da maganar ciwon. Ki bari a ɗaura, ni zan faɗa mata da bakina. Shekara huɗu ba ki faɗi ba, wa zai sani?"

Ya ga alamar ta karanta. Ba ta amsa ba.

Washegari suka je da kwalin alewar halwa. Nimra ta shigo da tiren shayi cikin koren kaya, Ammi ta bi ta da kallo tun daga kai har ƙafa, fuskarta ta washe. Har ta kai kofi baki.

"Khala," in ji Nimra, tana girmama Ammi da wannan kiran, "kafin ki sha shayin gidanmu akwai abin da ya kamata ki sani. Ina da farfaɗiya. Ina shan magani safe da yamma, shekara huɗu ke nan ban faɗi ba. Amma ba zan ce miki ba za ta dawo ba."

Mahaifiyar Nimra ta runtse ido. Tabish ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Ammi ta ajiye kofin a hankali. "Irin ta Zubia?"

"Sunan ciwon ɗaya ne. Sai dai ni ba a yi min tsawa da kiɗa."

Ba wanda ya yi dariya. Shayin ya huce a kofi, aka yi sallama ta dole.

A cikin riksho, keken hayar da ya ɗauko su, Ammi ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi faɗa ciwo.

"Shekara talatin ina ɗaga ɗaya daga ƙasa, Tabish. Na fizgo ta daga bakin murhu, na tsamo ta daga banɗaki. Ban taɓa barci da ido biyu ba. Yanzu ka ce in ɗauko maka ta biyu? Ba ka ga yadda Zubia ta saki jaririnta ba?"

"Ammi, wannan fa wasa ne."

"Nasrin ma wasa ce?"

Ya juya yana kallon titi.

Cikin sati ɗaya Ammi ta fara gayyato Sidra, 'yar ƙanin Abbu mahaifinsa, kallon Talata. Sidra yarinya ce mai fara'a, ba ta da laifin komai sai yawan turare. Ran nan Ammi ta turo ta shago a auna ƙafarta, kuma kamar an shirya, Tabish yana durƙushe da ma'auni Nimra ta wuce daga makaranta. Da yamma saƙo ya shigo, na farko tun ranar shayi:

"Na ga ana auna ƙafar amarya. Allah ya sanya alheri."

"Wallahi takalmin Sallah ne! Sidra kamar ƙanwa take a wurina. Likitata, ki saurare ni."

"Ba Sidra ce ta dame ni ba. Kai ne ka ce in ɓoye. Ka ɗauke takalmi daga hancin mutane, amma har yanzu kunyar ciwon kake ji."

Ya karanta ya sake karantawa, bai sami inda ta yi ƙarya ba. Ƙararrawar bakwai ta ci gaba da kaɗawa a wayarsa safe da yamma, ya kasa kashe ta, ya kasa tura komai.

Talatar da aka nuna kashin ƙarshe falon bai ɗauki mutane ba. Uwar miji ta kori Zubia, Zubia ta faɗi ita kaɗai a kicin kusa da wuta, ba ta tashi ba. Aka rufe da uwar mijin a bakin kabari tana neman gafara. Mata suka ɓarke da kuka.

"Mara imani!" in ji Ammi tana jan majina. "Yarinya ba ita ta ɗora wa kanta ba, ki kore ta kamar akuya!"

Abbu ya leƙo ta saman jarida, ya dube ta, ya koma cikin jaridarsa.

Da safe Tabish ya tarar da Khala Nasrin a matakalarta, talabijin a kashe tana kallonsa. Ya zauna a ta uku. Ya riga ya nemo abin da Nimra ta rubuta a ƙasan kashin, don kullum sai ya nema.

"Khala, in karanta miki wani abu?"

Ta gyaɗa kai. Ya karanta:

"Sunana Nimra, ina da ciwon Zubia. Jiya kun yi mata kuka, na gode. Amma wata takwas ana nuna ta, ko sau ɗaya ba a kai ta wurin likita ba. Ni da safen nan na sha maganina, na dafa wa gidanmu shayi, na hau bas, yanzu zan shiga aji. Idan a gidanku akwai wata Zubia, kada ku jira kabarinta ku yi kuka. Ku kai ta asibiti. Kuma don Allah ku mayar da takalmanku ƙafa."

Khala ta juyo ta dube shi. Can ta ce, "Ita ce mai takardar?"

"Ita ce."

"Ita kaɗai take hawa bas?"

"Kullum."

"Tana kunna murhu?"

"Ita ta dafa shayin da Ammi ta ƙi sha."

Khala ta shafa tabon hannunta. Ta tashi ta hau sama, ta sauko da mayafi, a hannunta akwai khussa jajaye da Abbu ya ɗinka mata da daɗewa. Tabish ya duba ƙasansu, fes kamar yau aka yanka fatar.

Ammi ta fito daga kicin da ludayi. "Ina za ki?"

"Gidan yarinyar nan, Baji," in ji Khala, don haka take kiran yayarta.

"Kin haukace? In kika faɗi a hanya fa?"

"Sai ku juya ni gefe ɗaya. Yana rubuce a takardar da kika danne da gwangwani. Na karanta ta ya fi sau ɗari."

Ammi ta dubi gwangwanin. Ba ta taɓa barin ƙanwarta ta taka ko'ina ita kaɗai ba, don haka ta jefar da ludayin ta ɗauko mayafinta tana mita.

Suka jira a gidan su Nimra har ta taso daga makaranta. Nimra ba ta ko kalli Tabish ba, hannun Khala ta kama ta zaunar da ita kusa da ita. Suka yi ta magana ƙasa-ƙasa kamar tsofaffin ƙawaye: yadda harshe ke ciwo bayan an farka, yadda ake jin wani ɗanɗano a baki kafin ta zo. Ammi tana gefe tana saurare, don a shekara talatin ba ta taɓa jin ko ɗaya daga bakin ƙanwarta ba.

"Ba zan yi miki alkawarin warkewa ba, Khala," in ji Nimra. "Amma magunguna sun canza. Ranar Alhamis likitana yana ganin mutane, ni zan raka ki."

Ranar Alhamis ɗin Tabish ne ya jira su a baranda. Da suka fito Ammi ta zube a kan benci, takardar magani a hannunta.

"Ya ce da an kawo ta tun tuni..." Ta dubi tafin hannunta. "Ni na riƙa kara mata takalmi, Nimra. Da hannun nan."

Nimra ta durƙusa a gabanta. "Abin da aka koya miki kika yi, Khala. Kuma ba ki taɓa gudu kin bar ta ba. Uwar mijin Zubia ba ta kama ƙafarki ba."

Ammi ta jawo kan yarinyar ta rungume, ta yi kukan da ya fi na ranar Talata.

A ranar Tabish ya samu ƙarfin hali ya tura:

"Likitata, na yi kuskure, kuma ba tsoron Ammi kaɗai ba ne, nawa ma yana ciki. Ba zan ƙara cewa ki ɓoye komai ba. Idan ta dawo, ni zan juya ki, ni zan duba agogo, ni za ki fara gani in kin farka. Ki yafe min."

Sai da ta bar shi ya kwana biyu a kan wuta, sannan:

"Bakwai ta wuce da minti goma. Ina mai tuna min?"

Faɗuwar Khala da take zuwa duk sati ta koma sai an yi wata biyu. Ta fara raka Ammi sayen kayan miya, ta dawo tana ba da labarin tsadar tumatir kamar wadda ta je Makka. Bayan Babbar Sallah Ammi ta sake ɗaukar kwalin halwa zuwa gidan su Nimra. Wannan karon ta shanye shayin tas, ta miƙa kofi a ƙara mata.

Ranar ƙunshi gida ya cika da mata da kiɗan ganga. Sidra ce ke jan waƙa, tana tsokanar ango da cewa da ƙafa ɗaya ya samo mata. Khala Nasrin ta kwana biyu ba ta yi barcin kirki ba don ɗoki, tana tsakiyar fili tana tafi. Tabish yana zaune gefen Nimra ya ga tafin ya tsaya, idon Khala ya kafe, ta sulale ƙasa.

Kiɗa ya mutu. Tsofaffi uku suka sunkuya lokaci guda, kowacce tana zare na ƙafarta. Nimra ta yunƙura za ta tashi da lalle ɗanye a hannu, amma wata murya ta riga ta.

"Ku mayar da takalmanku ƙafa!"

Ammi ce. Ta doke hannun wadda ta fi kusa, takalmin ya faɗa cikin kwanon furanni. Ta tura matashi ƙarƙashin kan ƙanwarta, ta juya ta gefe ɗaya, ta ce da Tabish, "Duba min agogo." Wata ta fara salati da kuka, Ammi ta harare ta. "Ba talabijin ba ne nan, matsa ta sha iska."

Minti ɗaya da 'yan daƙiƙai jikin ya lafa. Khala ta buɗe ido a kan cinyar yayarta, ta daɗe tana numfashi. Babu abin da ke tashi a wurin sai ƙamshin lalle da fure.

"Baji," ta ce a hankali, "yau ban ji wari ba."

Tabish ya juya ya ga Nimra tana hawaye tana murmushi, ba halin gogewa saboda lalle. Ya ɗauki gefen gyalenta ya share mata, a gaban kowa.

Ranar Juma'a aka ɗaura. Ƙannen amarya suka sace takalman ango kamar yadda aka saba, suka ɓoye su har su kansu suka manta inda suka sa. Haka Tabish ya fito da amaryarsa ba takalmi, Nimra tana dariya ƙarƙashin jan mayafi.

"Haka na same ka, Mai Takalmi."

"Wancan karon ɗaya kika raba ni da shi, Likitata. Yau kin haɗa duka."

A ƙofar gida Ammi ta dafa kawunansu. "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuri'a mai albarka, ya sa ku riƙe juna ranar lafiya da ranar ciwo. 'Yata, gidanki ne, shigo."

Khala Nasrin ta yi tata addu'ar, ta sumbaci goshin amarya. Sannan ta ja hannun rigar ango, ta ɗaga masa ƙafarta ɗaya ya ga jan khussan nan.

"In ka huta ka ɗinka min sabo," ta ce. "Wannan ƙasansa ya cinye."